Ƙarfen Sabis Ɗinku Ya Shanye Mini Batir

Zuwa ga Manajan kamfanin sadarwar da ya kafa ƙarfen sabis a bayan unguwarmu, a nan Zuru.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyalinka suna lafiya kuma kana ganinsu kullum. Ni ba na ganin nawa.

Ɗana soja ne, yana can gabas inda ake faɗa. Ran Lahadi da la'asar kaɗai yake samun damar kirana ta bidiyo, in ga da idona cewa hannunsa da ƙafarsa suna nan.

Na ɗaya. Wuta ba ta zama a unguwarmu. Ran Asabar nake kai waya wurin mai caji, in kashe ta, in naɗe a ɗankwali, ko jikokina ba sa taɓawa. Da na kai kuka ofishinku, ma'aikaciyarku ta ce in rage hasken waya, in rufe duk abin da ba na amfani da shi, kada in kunna data sai lokacin kira. Na yi duka. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci don in riƙa karanta saƙonsa da kaina, saboda haka kada a ce rashin sani ne.

Na biyu. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne, idan janaretan ƙarfenku ya yi shiru, wayar laluben sabis take yi har ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, cajin yana zuba ina kallo. Daga tsakar gidana nake jin lokacin da janaretan yake mutuwa.

Na uku. Lahadin da ta wuce janaretan ya mutu. Kira ya shigo, fuskar yarona ta daskare, wani zobe yana ta juyawa a kan goshinsa. Na ji ya ce za a ɗauke su zuwa wani wuri. Kafin ya faɗi sunan garin wayar ta mutu. Na ruga wurin mai caji ba takalmi. Har yau lambarsa ba ta shiga.

Ina roƙo ku gyara janaretan nan. In ba za ku iya ba, ku turo saƙo ku faɗi lokacin da yake aiki, yadda kuke turo mana tallace-tallace ba gajiya, in san sa'ar da zan kunna waya.

Allah ya tsare maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka mako irin wannan. Jibi Lahadi. Wayata a cike take, saura naku.

Wassalam.

Mahaifiyar wani soja, Zuru.