Bidiyo Ya Tona Min Asiri

Yaya Hajiya, assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya ƙafar taki, yaya Alhaji da yara? Mu a Azare lafiya lau.

Karatun digirina na biyu na jinya yana tafiya. Muna kallon darasi a waya, ranar Asabar mu haɗu mu gwada, ana ɗaukarmu bidiyo. Da aka kunna nawa, sai Binta, wadda ni na koya wa yin allura, ta ce, "Anti, ɗaurin ciwon ya yi kyau, amma ko sannu ba ki yi wa mara lafiyar ba." Muka sake kallo. Wallahi haka ne!

Jiya na yi wa wata tsohuwa 'yar Katagum, da na daɗe ina wanke mata ciwo, sannu har sau uku. Ta ƙura min ido ta ce, "'Yar nan, sabuwar zuwa ce ke?"

Ki taya ni addu'a, jarrabawa ta matso. Ki yi wa kowa sannu, yanzu na iya.

Ƙanwarki, Hauwa.