Likkafanin da ka ajiye a akwati

Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso inda kake ba, amma akwai maganar da ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Gida lafiya. Inna tana nan Belleville, ƙafar ta yi sauƙi. Shagonka na Adjamé yana hannun ƙanenka Baffa Hamidu, kuma har yau mata suna zuwa suna tambayar yadin Alhaji. Ni kuma an ba ni shugabancin sashen jan zare a masana'anta. Ka ga mai narka bokiti, kamar yadda kake tsokanata, ya zama wani abu.

Sau nawa na so in yi maka bayanin aikina kana kawar da kai? Yau dai sai ka ji. Muna narka ƙwayoyin roba, mu tura su ta wani faranti mai ƙananan huji, su zubo kamar taliyar murji. Iska mai sanyi ta daskarar da su. A lokacin zaren ba shi da ƙarfi, sai mun ja shi tsakanin gargare biyu, na gaba ya fi na baya gudu, ya miƙe, ya sirance, ya yi ƙwari. Idan aka lanƙwasa shi, aka yayyanka, aka kaɗa, sai ya fito da laushin auduga. Shekara tara ina wannan aiki, daga nesa nake gane shi.

Kai kuwa da yatsa biyu kake gane yadi. Duk layinku an san hannunka ba ya kuskure, har 'yan kasuwa suna kawo maka kaya ka taɓa kafin su saya. Ka sha gaya mana ƙasa ba ta cin roba, don haka a auduga zalla za a naɗe ka. Da kanka ka sayi likkafaninka, tare da Baffa, ka ninke ka sa a akwati.

Ranar da ka rasu da safe, ni aka aika in ɗauko. Ina warware shi gabana ya faɗi. Na zare zare ɗaya daga baki, na zagaya bayan ɗaki na kyasta ashana. Auduga toka take zama. Wannan ya takure, ya narke, ya dunƙule baƙi. Roba ce, Baba, irin wadda nake ja kullum. Ciwon sukari ya riga ya kashe maka kan yatsu lokacin da ka saya, kuma wani marar tsoron Allah ya lura kafin mu mu lura.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ruga kasuwar Treichville, na sayi farin alawayyo, na ƙona zarensa a gaban mai shago sai da na ga toka. Kafin azahar na dawo. A cikinsa muka naɗe ka.

Baffa ya gane ba likkafanin da ka saya ba ne. Sai bayan addu'ar bakwai ya tsayar da ni a gaban 'yan'uwa, ya ce na raina zaɓin ubana, boko ya sa ina ganin na fi ka sanin yadi. Ya tambaye ni dalili har sau uku. Na sunkuyar da kai. Me zan ce? In ce an cuci Alhaji a kan yadi, a cikin Adjamé, ƙanensa yana tsaye a gefensa? Da na faɗa, da kafin magariba labarin ya kai har unguwar 220 Logements.

Shekara guda ke nan ba ya amsa gaisuwata da kyau. Watan jiya ya aurar da 'yarsa Zinatu, a bakin mutane na ji. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba, don shi ya saura mini a matsayin uba. Inna tana ta roƙona in je in faɗi dalilina a shirya. Ita ma ban gaya mata ba.

Amma ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Ka ce auduga, auduga ka samu. Na sha tunanin ko ka tafi kana ganin aikina bai tsinana maka komai ba. To, wannan aikin ne ya cika maka wasiyyarka.

Jumma'a mai zuwa zan hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, in je shago in gaida Baffa, ya amsa ko kada ya amsa, haka zan yi ta zuwa. Dalilin dai ba zai taɓa ji daga bakina ba. A Adjamé ana cewa hannun Alhaji bai taɓa kuskure ba, kuma haka za a ci gaba da faɗa muddin ina da rai.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri.

Ɗanka,
Isufu