Hotuna Irin Na Kwamfutar Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Yara fa? Ni lafiya lau. Ɗakin akwai sanyi, amma kwamfutata na zafi, ita nake runguma.

Albishirinki. Mu masu rubuta jagorar manhajar kyautar nan mun sha gardama kan tsarin kwamfutar da za mu ɗauki hotunan allo a kai. Da yake a shagonki na taso, na ce, "Jama'a, abin da mai saye ya saba gani ake bajewa a gaba." Shugabarmu ta ce, "Ɗan kasuwa ya ci."

Ban faɗa musu don ke nake yi ba. An zaɓi irin na tsohuwar kwamfutar shagonki, hotunan jagorar za su yi daidai da allonki, ba sauran kirana kina "ina zan danna?"

Amma dai ki riƙa kiran.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki