Ni Na Kai Shi Dubiya

Zuwa ga Mai Shari'a, alƙalin da ke sauraron ƙarar tsohon mai gadin sansanin da Jamus ta tsare Yahudawa.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da girmamawa. Sunana Saratu, 'yar Kafanchan, ina aikin nas a nan garin Beltsville. Shekara huɗu ina jinyar wata dattijuwa Bayahudiya da nake kira Mama Rifkatu, wadda ta fito da ranta daga sansanin nan shekara arba'in da suka wuce.

Na ɗaya. Wanda ake ƙara maƙwabcina ne. Baba nake ce masa, har da rusunawa. Da na ji harshensu ɗaya da Mama, sai na yi abin da muke yi a gida, na ɗauko shi ya yi mata dubiya. Karensa ya biyo mu, Baba ya juya a bakin ƙofa ya yi masa fito. Nan take Mama ta saki fitsari a zaune. A sansanin, da wannan fiton yake sakar wa mata karnuka, da shi aka yayyaga ƙanwarta tana kallo. Ni kuwa har na ɗora masa ruwan shayi.

Na biyu. Sau uku ana ɗage zama, wai zuciyarsa ba ta da lafiya. A keken guragu yake zuwa kotu, ran Asabar kuma ga shi bisa tsani yana gyaran rufi. Aikina ne, na san numfashin mai ciwon zuciya, nasa ba haka yake ba.

Na uku. Mama ce ke mutuwa. Likita ya ce da wuya ta ga sanyin bana. Rigar da za ta sa ranar ba da shaida tana rataye tun bara, yanzu ta yi mata yawa.

Roƙona, a tsayar da rana cikin watan nan. In ba za ta iya zuwa ba, kotu ta zo bakin gadonta, a zaunar da shi a gabanta. A ƙwace takardunsa na zama a ƙasar nan, a mayar da shi inda ya yi ta'asar, ya ruɓe a kurkuku. A coci an koya mini yafiya, amma ban yafe ba. Ina roƙon Allah ya ja kwanansa, ya bar masa kunnensa da hankalinsa, ya ji kowace kalma daga bakinta.

In an rasa mai tura kekensa, ni zan tura. Na san hanya, na taɓa kai shi.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka rigayi ajalinta.

Wassalam.
Saratu, Beltsville.