Awon Rubutun Kawu Ɗalha

Gumel, 3 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Inna Asama'u. Ya zafi?

Tunda ka rantse ba za ka karanta saƙon waya ba, ga tawa a takarda. Taka ta iso ta hannun direban Ɗanzomo, sai da na ari tabarau kafin na karanta ta. Na fito da wasiƙunka na shekara uku, na jera a tebur, na ɗora rula. Harafin k ɗinka, wanda duk ɗan firamaren Ɗanzomo ke da shi a takardar shaidarsa, da can tsayinsa milimita bakwai. Yanzu biyu ne, kafin ƙarshen layi ma ya koma tururuwa.

A asibiti muna kiran wannan maikirogirafiya, wato ƙanƙancewar rubutu. Sau da yawa ita ke yin sallama kafin cutar Fakinsin, mai kawo rawar hannu da taurin jiki. Ka zo ranar Talata a duba ka.

'Yarka,
Hasanatu

Ɗanzomo, 11 ga Mayu

Zuwa ga Likita Hasanatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da ke na ga takardarki. Ni na koya miki riƙon rula, ban san a kaina za ki gwada ba. Tsimin takarda nake yi, ba wani abu ba.

Shekara talatin da huɗu ni ke rubuta sunayen masu fita aji shida. Ritaya ma ba ta karɓe mini alƙalami ba. Bana sabon hedimasta ya ce kwamfuta za ta buga, wai don in huta. Na ce masa yara arba'in da ɗaya ne, kuma iyayensu da rubutun hannuna suka fita. Idan aka gan ni a layin asibiti, magana ta ƙare.

Na duba rubutunki, na ba ki uku bisa goma. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Ɗalha

Gumel, 19 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karɓi ukun, da ma likitoci ba mu saba wuce haka ba.

Inna ta zo suna nan Gumel. Ban tambaye ta komai ba. Ita ta ce kullum da hantsi tana share ɓurɓushin magogin fensir a ƙarƙashin tabarmarka, kuma wata biyu ke nan ita ke ɓalle maka maɓallin wuya. Mai tsimin takarda ba ya cinye magogi huɗu a wata.

Cutar ba ta warkewa, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai magani mai sassauta hannu, akwai kuma dabara: idan ido ya ga layi sama da ƙasa, hannu yakan cika tsakaninsu. Ga fensir mai laushi guda uku. Bakinsa girafait ne, ɗan'uwan gawayi, kwanciya kawai yake a kan takarda. Ka ja layi biyu da shi, ka rubuta suna da tawada, ta bushe, ka goge layin. Ba mai gani.

Batun layin asibiti kuwa, ka zo a matsayin mai duba rubutun likita. Kowa ya san ana bukata.

'Yarka,
Hasanatu

Ɗanzomo, 14 ga Yuli

Likita,

Bayan gaisuwa. Ƙwayar da kika rubuta mini ina shan ta a kan lokaci, ko da yake mai kemis ya sha wuya kafin ya karanta.

Suna uku nake yi a rana, na gama cikin mako biyu. Jiya aka raba. Hedimasta ya ɗaga ta farko ya nuna wa iyaye. Na gaya masa gaskiyar ciwona, baɗi kuma sai abin da Allah ya yi.

Takarda ɗaya ta yi saura, na sa sunanki. Layin fensir ɗin na bar miki, ban goge ba.

Ki auna.

Kawunki,
Ɗalha