Ni Ce Na Tura Shafin da Baba Ya Ɗauka Amsar Istihararsa

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina ninkinsa, shawara nake nema.

Ni malamar firamare ce a Illela, da aurena da 'ya'yana. Mahaifina ɗan kasuwar albasa ne, tun ina ƙarama yake tsallaka kaya zuwa Konni ta Nijar. Jikinsa ya tsufa amma taurin kansa yana nan da ƙuruciyarsa, a duniya babu mai gaya masa ga abin da zai yi. Bara yayana ya aiko masa da babbar waya, ni kuma na zama injiniyarta dole tunda gidana ne kusa. Burauzar da ta zo da wayar, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, fitina ce kawai: ga shan data, ga tallace-tallacen rashin kunya. Wata rana yana nuna wa abokansa canjin kuɗin sefa a majalisa sai ga hoton wata mata ya faɗo, ba sai na faɗi irin shigarta ba. Ya zo gidana yana huci, ya ɗora wayar kan tabarma da yatsu biyu, ya ce ko in fitar da shaiɗanin da ke cikinta ko ya jefa ta tafkin Kalmalo.

Sai na sauke masa wata burauzar, irin wadda nake amfani da ita. Tana tare talla, ba ta cin data sosai, na ƙara masa girman rubutu saboda idonsa, na nuna masa inda zai danna ta juya masa shafukan Faransanci na 'yan Nijar zuwa Hausa. Hausar a karkace take fitowa amma ana ganewa, har yana dariya yana cewa wayar Bazabarma ce. Da ta nemi imel, Baba bai san nasa ba balle lambar sirrinsa, ni kuma ina sauri ga tukunya a wuta, sai na sa nawa. Wallahi a lokacin ban san yin hakan ya ɗaure wayoyinmu wuri ɗaya ba. Sai daga baya na ga wani wuri a tawa burauzar yana nuna min duk shafin da ke buɗe a wayar Baba.

A ranar ya kamata in raba su. Na sani. Amma me na gani da farko? Farashin albasa, tafsiri, labaran damben gargajiya da yake rantsuwa ba ya kallo. Dariya na yi ta yi, na mai da abin wasa, kullum sai na leƙa in ga yau kuma me tsohona ya karanta. Ana haka dariyar ta ƙare. Na fara ganin yana binciken me ke sa fitsari ya tsaya wa tsoho. Jini a fitsari. Ko aikin mafitsara yana kisa. Sai kuma shafukan masu maganin gargajiya masu alkawarin warkarwa ba yanka. Jama'a, ni 'ya mace, ina karanta abin da mahaifina ba zai iya faɗa wa ko ɗansa namiji ba! Kunya ta kama ni kamar na ɗaga masa labulen banɗaki, amma na kasa dainawa. Wa zai ga haka ya kau da kai?

Na lallaɓa na bugi cikin Inna, mahaifiyata. Da ƙyar ta faɗa min cewa ta'aziyyar da ya ce ya je Sakkwato asibiti ya je, likita ya ce sai an yi aiki, shi kuwa ya ce shi ba ragon layya ba ne da za a kwantar a yanka. Ta roƙe ni kar in nuna na ji, don ko yayana bai sani ba. Haka na zuba ido Baba yana ramewa, yana shan jiƙe-jiƙe, in ya zo gidana ya kasa zama wuri ɗaya, ni kuma ina gaishe shi kamar ban san komai ba.

Ga inda na yi ɓarnar. Wata rana na ga ya buɗe shafi kan yadda ake gane amsar istihara. Nan na fahimci ya kai maganar gaban Ubangijinsa, yana jiran a nuna masa. Burauzar nan tana da wani maɓalli na tura shafi daga wannan waya zuwa waccan, ya buɗu can da kansa. Ina da wani shafi da na ajiye, na wani likita da ya yi bayani da Hausa cewa aikin ba abin tsoro ba ne, jinkirin ne ke lalata ƙoda. Na san Baba yana duba wayarsa in ya dawo daga sallar asuba. Na idar da tawa sallar, ban ko tashi daga kan darduma ba, na tura. Na kuma goge shafukan masu maganin da ya adana. Ba zan ce muku ban san yadda zai ɗauki abin ba. Na sani sarai, don haka ma na zaɓi wannan safiyar.

Kafin hantsi Inna ta kira ni tana kukan murna, wai Baba ya ce an ba shi amsa ƙarara, zai yi aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, har ina jin ni wata mai dabara ce. Murnar ba ta daɗe ba. Da suka koma asibiti aka sake gwaje-gwaje, likitan da kansa ya ce da hawan jininsa da yanayin zuciyarsa aikin yana da haɗari a gare shi, akwai wata hanyar ta lallaɓawa da magani, ya je ya yi tunani. Baba ya ce babu wani tunani, wanda ya fi likita sani ya riga ya yanke. Shafin da na tura bai san zuciyar Baba ba, ni ma ban sani ba. Tun ranar abinci ba ya min daɗi. Wace ce ni da zan shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa? Wani lokacin in lallashi kaina in ce ai Allah yana iya bi ta hannun kowa, ƙila ni ce sanadin. To in haka ne, me ya sa nake ɓoyewa?

Ranar Juma'ar da ta wuce ya biyo gidana bayan masallaci. Ya sha ruwa, ya yi wasa da jikokinsa, sannan ya ce su ba mu wuri. Ya fito da wayar yana juya ta a hannu.

Ya ce, "Ɗiyata, ke ad da sanin wagga waya. Akwai yadda wani za shi buɗe shafi cikinta, alhali tana aljihuna?"

Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ido da ido ba sai ranar. Na ce, "Babu, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Alhamdulillahi. Don da mutum ne yac ce in yi, ko likita ko uwarku, wallahi ba ni yi. Amma wanga ba mutum ba na. In anka shiga da ni ban hito ba, kar wanda ya yi kuka, zaɓin Allah nib bi."

Ya sa min albarka ya tafi, ni kuma na shiga ɗaki na yi kukan da ya hana.

A satin nan za a tafi Sakkwato. In na faɗa masa gaskiya na san halinsa, zai fasa aikin, zai watsar har da maganin asibitin don haushi, kuma zai san 'yarsa ta daɗe tana leƙen ciwon da ya fi jin kunyarsa a duniya. Ban san ko zai ƙara haɗa ido da ni ba. In kuma na yi shiru, zai kwanta a ɗora masa wuƙa yana murmushi, yana zaton Allah ne ya ce ya kwanta, alhali yatsana ne. In bai tashi ba, da wane baki zan karɓi gaisuwar mutane suna ce min haka Allah ya so?

Don Allah malamai da masu iyaye, ku faɗa min tun kafin motar ta tashi. Me zan yi?