Ni Aka Ba Aikin Share Lambun

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan jiki lafiya, sai dai zuciya.

Kin tuna lambun da na ce miki Auta tana zuwa duk Asabar? Na wata ƙungiya ne ta masu aikin sa kai, suna koya wa yara sanin itatuwa da tsuntsaye da yadda ake raya ƙasa. Tun rasuwar mahaifiyarta ban ga abin da ya dawo mata da dariya kamar wurin nan ba. Takan dawo farce duk laka. Har tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, ta taɓa kawo min a gwangwani, wai in gaishe da ma'aikaciyarsu. Ni kuma ɗan abin da nake iyawa shi ne in kai musu tsofaffin tayoyi su yi shuka a ciki, in gyara famfo idan ya lalace.

Ashe aron filin aka ba su. Mai shi ya sayar, za a gina ɗakunan ajiye kaya, kuma kamfaninmu aka ba aikin sharewa. Mu uku ne direbobin katafila, amma ni aka zaɓa. Na roƙi shugaban aiki ya sa wani. Ya ce ɗaya yana jinya, ɗaya yana wani wurin, in ba zan yi ba in ajiye makulli. Kin san bakunan da nake ciyarwa. Da ƙyar ya ɗaga min kwana biyu.

Ban gaya wa Auta ba. Jiya muna cin abinci tana ba ni labarin kurciyar da ta yi sheƙa a mangwaron tsakiyar lambun, sai na tsame hannuna daga kwanon. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Baban Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, na gode. Kin ce in gaya mata da bakina kafin ta ji a waje. Yaya, na kasa.

Malamar da ke kula da ƙungiyar ce kaɗai ta san ni ne zan share wurin. Kwana biyun nan ni da ita da wasu iyaye muka yi ta cire ƙananan shuke-shuke muna kaiwa filin da ke bayan gidana, domin na ce su zo su ci gaba a can. Auta ta yi ta murna, wai babanta ya ceci lambu.

Na zaɓi safiyar Laraba saboda tana makaranta. Mangwaron ya yi gardama, sai a turi na uku ya kwanta. Ina juya katafilar sai na hango ta a jikin wayar shingen lambun, da kayan makaranta, ta riƙe littafinta. Ashe ta biyo ne ta duba ko ƙwan sun ƙyanƙyashe. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta juya.

Da na sauko, Malamar ta miƙo min ruwa, ta ce kada in ɗora wa kaina laifi. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki

Yayata,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun wata guda, hannun ne ya ƙi ɗaukar biro.

Yara suna zuwa gidana duk Asabar yanzu, sun cika min tsakar gida da hayaniya. Fiye da rabin dashen ya bushe. Auta tana gaishe ni safe da yamma, tana kawo min ruwa idan na dawo, amma labari ya ƙare tsakaninmu.

Makon jiya Malamar ta ce tunda na yi shekara ashirin ina haƙa, in koya wa yaran yadda ƙasa take hawa-hawa. Na haƙa rami, na nuna musu baƙar ƙasa ta sama mai rai, da ja ta ƙarƙashi, da tsakuwa. Auta tana can baya. Da na gama sai ta ɗaga hannu kamar a aji, ta ce, “Baba, idan aka kankare ta saman, yaushe take dawowa?”

Na san amsar. Na so in ce ba da daɗewa ba, amma yara goma sha biyar suna kallon bakina. Na ce mata ni ba zan gani ba, ita ma da wuya. Ta sunkuya ta rubuta.

Da kowa ya watse, na iske ta a bakin ramin tana mayar da ƙasar da hannu, ja a ƙasa, baƙa a sama. Na durƙusa na taya ta. Ba ta hana ni ba.

Idan gwiwar ta bar ki, ki daure ki zo mana ko na kwana biyu ne. Yarinyar nan tana bukatar wanda za ta yi wa kuka, kuma ba ni ba ne.

Naki har kullum,
Baban Auta